Ranar da Aka Soki Hantar Jikata

Shekarar da aka kafa Shari'a a Kano ne, damina biyu bayan rasuwar maigidana, idon jikata ya yi ɗorawa. 'Yar babban ɗana ce, shekararta bakwai. Muka ce shawara ce. Ba saiwar da ban jiƙa mata ba a garinmu Madadi, amma ciki sai tasowa yake, har ta daina fita wasa.

Daga asibitin Gwarzo aka tura mu Kano, ni da ita da iyayenta. An ɗebi jini, an ɗauki hoto, likita ya ce har yanzu bai ga kan ciwon ba, sai ya sa allura ya ciro 'yar tsoka daga hantarta. Uban ya miƙe tsaye. Mu dai tun tasowarmu an ce mai shawara ba a yi masa allura, mutuwa yake.

Na ce, "Likita, nuna min ita."

Ya kawo. Doguwa ce, da rami a ciki. Na ce, "Zubawa take ko ɗebowa?"

Ya ce, "Ɗebowa, Inna. Abin da za ta ciro bai fi silin zare ba."

Na juya wurin ɗana. "Kai da kake sayen gero a kasuwa, buhu a ɗinke, da me kake sanin cikinsa? Ba ƙarfe kake soka masa ka duba tsabar a tafin hannu ba? Ko ka taɓa jin buhu ya mutu?"

"Inna, ai yarinya ba buhu ba ce."

"Shi ya sa ba kai za ka soka ba. Sa musu hannu."

Ya sa.

Aka hana ta karin kumallo, aka kashe mata wurin, aka yi aka gama. Suka ce ta kwanta a gefen dama, kada ta motsa, don kada jini ya ɓalle. Tun hantsi har la'asar ina zuba mata labarai, ban maimaita ko ɗaya ba.

Da sakamako ya fito, ashe jikinta ne ke yaƙi da hantarta. Aka hana jiƙo, aka ɗora ta a kan ƙwayoyi. Kafin kaka idon ya washe.

Ɗan nawa ya riga ni tafiya, likitan ma na ji ya rasu. Cikin waɗanda suka ga ranar nan, saura ni, da uwar yarinyar, da ita kanta, tana aure a Durun da 'ya'ya uku.