Dodon da Na Zana a Bangon Madam Nkechi

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na ɗauki biro. A firamare karatuna ya tsaya, kuma ina tsoron in rubuta abin da zai ɓata wa wani rai. Matata ce ta gaji, ta ce ko in rubuta, ko in bar kunnenta ya huta. To, 'yan'uwana masu fenti, ga labarin.

Ba na jin zan manta da ranar da Madam Nkechi ta kira ni shagonta, bara, bayan ɗaukewar damina. Jikar ma'aikacin jirgin ƙasa ce, a nan Kafanchan aka haife ta. Tana da gidan gem, inda matasa ke buga wasa a talabijin. Ta faɗaɗa wurin, tana so in yi zane a bangon waje kafin Asabar ɗin da za ta sake buɗewa. Ta ce akwai sabon wasa da ake jira ya fito, na jarumai masu takobi da wani ƙaton dodo, shi take so a bango.

Matsalar ita ce masu haɗa wasan sun nuna hotunansa sau biyu, kuma ba iri ɗaya ba. Na farko masu duhu ne, kamar mutanen gaske, har da gumi da tsatsa a jikin takobi. Daga baya suka sauya zuwa launi mai haske da manyan idanu, kamar katun. Sai kwastomomin Madam suka rabu gida biyu. Gideon, wani ɗan acaɓa daga Kagoma, shi ke gaban masu son na gaske. Blessing, wadda ke karatun aikin jinya, ita ke gaban masu son katun.

Ina auna bango suka zagaye ni, kowa na tura mini waya a fuska.

"Baba Fenta, duba wannan," in ji Gideon. "Jarumi ke nan. Na su Blessing kuwa sai ka ce kwalin biskit."

"Naku fa?" in ji Blessing. "Duhu kamar an ɗauke wuta. Kai ko a talabijin ɗin ma ba ka ganin hanya, kullum cikin rami kake faɗawa."

Aka fashe da dariya, ban da ni. Madam ta ja ni gefe ta ce, "Baba, kowa ya ce in ba nasa aka zana ba, zai koma wani shago. In bangon nan ya kore mini rabin yara, farin fenti zan sa a shafe shi, ka yi haƙuri."

Tunda na fara sana'ar nan, ba a taɓa shafe aikina ba. Wanda ba mai fenti ba ba zai gane ba: sunanka na rubuce a ƙasan bango, gari duka ya ga ranar da aka rufe shi.

Na kawo shawarar a raba bangon, jarumin Gideon a dama, jarumar Blessing a hagu. Suka yarda. Amma dodo ɗaya ne, kuma tsakiya ce wurinsa. Nan rigima ta dawo sabuwa. Gideon na so a ga kowane haƙori, Blessing na son shuɗi mai murmushi. Aikinmu kuwa yana da tsari: a kankare bango, a shafa farar ƙasa, a fitar da siffa da alli, sannan launi. Da zarar fentin mai ya hau, ba a sauya ra'ayi. Har ranar Alhamis tsakiyar bangon fari fat.

Na je na sami Madam tana gwada sababbin kujeru. Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Baba, ka girme su duka. Zana dodon da ka sani kawai."

Ni kuwa dodo ɗaya na sani. Ina yaro a Fadan Kaje na taɓa hango shi daga bayan rumbu, kafin mahaifiyata ta fizge ni zuwa ɗaki. Lulluɓe yake da busasshiyar ciyawa daga sama har ƙasa, ba fuska, sai dogon sanda a hannu. Shi na zana. Na rufe wurin da tampol ina aiki, ina ta tunanin abin da dattawan ikilisiyarmu, wato cocinmu, za su ce in sun ga na zana dodon gargajiya.

Da safiyar Asabar Madam ta yaye tampol.

Gideon ne ya fara magana. "Ina fukafukai? Ina wuta?" Ya matsa kusa, ya ja da baya. "Kai! Wannan ai na ƙauyenmu ne! Da shi kakata take hana ni zuwa rafi!"

Blessing ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye. "Baba Fenta, mun ce dodon gem, ka kawo mana na gida!"

"To wane ɓangare ya ci?" wani ya tambaya daga baya.

"Ba shi da ido, balle a ce manya ne," in ji Gideon.

"Ba shi da haƙori, balle ka ƙirga," in ji Blessing.

Madam ta dube su, ta dube ni. "Ni dodon da na sani na ci ne, soyayyen filanten, wato agada. Ku gode wa Allah ban zana da kaina ba."

Daga nan sai ɗaukar hoto. Kowa na ba da labarin dodon garinsu, kowa na cewa nasu ya fi ban tsoro. Ba wanda ya koma wani shago. Wani dattijon ikilisiyarmu ya zo wucewa, ya tsaya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Sandan ya yi gajarta." Ya wuce. Washegari bayan sujadar Lahadi a coci na je na ƙara masa tsawo.

Abin da na koya shi ne, kwastoma kan ce "dodo", kai ma ka ce "dodo", amma kowa da abin da ke kansa. Yanzu sai na tambaya sau biyu kafin in buɗe gwangwani. Su Gideon har gobe suna musu, a inuwar bangon nan suke zama su yi.

Roƙona ga masu karatu: an ce har yanzu wasan bai fito ba. Duk wanda ya ga fitowarsa, don Allah ya aiko wa Madam Nkechi saƙo, za ta faɗa mini. Ina so in san kamannin dodonsu na ƙarshe. In ya fi nawa ban tsoro, kada ku ɓoye mini, akwai sauran fenti a gida.