Rayuwar Malam Pyo Gwang-deok, Malamin Motsa Jiki na Tsibirin Dalmok

Haihuwa da Asali

An haifi Malam Pyo Gwang-deok a watan Nuwamba na shekarar 1931 a tsibirin Dalmok da ke kudu maso yammacin Koriya, a zamanin da ƙasar take ƙarƙashin mulkin Japan. Mahaifinsa, Pyo Man-seop, masunci ne. Mahaifiyarsa kuwa, Ok Bun-rye, sana'arta ɗibar ciyawar teku da shanya ta. Shi ne na uku cikin 'ya'yansu biyar.

A shekarar 1940, yana dab da cika shekara tara, kwalekwalen mahaifinsa ya kife dab da gaɓa, mahaifin da babban wansa suka nutse jama'a na kallo, domin masuntan wancan zamani ba sa koyon iyo, bisa imanin cewa idan teku ta buƙaci mutum babu amfanin yi mata gardama. Daga wannan shekara ya riƙa bin matan tsibirin Jeju masu sana'ar nutso a teku, waɗanda suke zuwa tsibirin da bazara, yana ɗaukar musu kaya, su kuma suna koya masa yadda ake riƙe numfashi da yadda ake bi da igiyar ruwa.

Karatu da Aikin Soja

Ya yi karatun farko a tsibirin, sannan a shekarar 1948 ya shiga makarantar horar da malamai a birnin Mokpo, inda ya yi fice a gudu da kokawa. Da yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950 aka ɗauke shi soja, a shekara ta gaba kuma ɓaraguzan bam suka farfasa masa cinyar dama. Likitocin da suka duba shi sun shawarce shi da ya nemi aikin zama. Bai musa musu ba, bai kuma bi shawarar ba: ya koma makaranta da sanda, ya ajiye sandar kafin ya kammala a 1956, sai dai ɗingishin ya kasance tare da shi har ƙarshen rayuwarsa.

Fara Aiki da Aure

A shekarar 1957 aka ba shi gurbi a birni, amma ya roƙi hukuma ta mayar da shi tsibirinsu. Ya tarar makarantar ba ta da filin wasa, saboda haka shi da ɗalibansa suka kwashe duwatsun gangaren da ke bayanta da hannu, suka daidaita wurin. Ya koyar da gudu da kokawa da ƙwallon raga, ya kuma wajabta iyo a kan kowane ɗalibi, namiji da mace, abin da ba a taɓa ji ba a yankin.

A 1959 ya auri Seol Gwi-ja, 'yar wani mai haƙar gishiri daga tsibirin da ke maƙwabtaka da su. An ruwaito cewa bayan haihuwar 'yarsu ta fari, ganin kullum da jiƙaƙƙen kai yake dawowa gida, ta ce masa, "Baban Hye-ok, wai ni mutum na aura ko kifi?" Ya amsa mata da cewa, "Ko wanne ne dai, ai gishirin gidanku ya ishe shi." Sun zauna tare shekara sittin da biyar.

Hatsarin Shekarar 1968

Mafi tsananin adawa ga darasin iyo shi ne Gu Chil-seong, mai jirgin fiton tsibirin, wanda ya girmi Malam da shekaru. A 1966 ya tare shi a ƙofar makaranta a gaban iyaye ya ce, "Malam, karatu muka kawo su, ba wanka ba. 'Yata ba agwagwa ba ce. Kai da ƙafa ɗaya da rabi, me za ka koya wa masu biyu?"

Malam ya ce, "Yaya, a cikin ruwa ba a ɗingishi. Ka ara mini ita bazara ɗaya kawai."

Mai fiton ya ƙi, amma matarsa ta riƙa turo yarinyar, mai suna Jeom-sun, duk ranar da ya tafi ƙetare.

A watan Oktoba na 1968, Malam na dawowa da ɗalibansa daga gasar makarantu a jirgin wannan mutum, iska ta taso musu a mashigin da ke tsakanin tsibirai biyu, jirgin ya bugi dutse ya kife. Waɗanda suka halarci abin sun shaida cewa babu yaron da ya yi kururuwa. Kowa ya tuɓe takalmi, ya kwanta rigingine a kan ruwa, manya suka kama ƙanana a haɓa suka nufi gaɓa, kamar yadda aka saba yi musu a darasi. Malam ya lura yara uku ba su fito ba, sai ya nutsa ƙarƙashin jirgin ya zaro su ɗaya bayan ɗaya cikin ruwan da sanyinsa ke datse numfashi. A nutso na ƙarshe ne kunnensa na hagu ya fashe, bai ƙara ji da shi ba.

Mai fiton kuwa, wanda ya shekara talatin a kan ruwa bai iya iyo ba, 'yarsa ce, tana da shekara goma sha huɗu, ta cafko shi ta ƙeya. Da ya fara ƙanƙame ta cikin firgici sai ta daka masa tsawa ta ce, "Baba, sake ni ka kwanta, in ba haka ba mu tafi mu biyu!" Ya saki, ta ja shi har kan dutse. Ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Da bazara ta zagayo aka ga Gu Chil-seong a bakin ruwa a jerin 'yan aji ɗaya, da gajeren wando. Ya ce, "Malam, ga tsohuwar agwagwa. Amma wanda ya yi dariya a cikin yaran nan, ba zai ƙara hawa jirgina ba." Bayansa masunta suka biyo, har darasin manya ya zama al'ada.

Sauran Shekarun Aiki

A shekarun da suka biyo baya ɗalibansa sun wakilci lardi a iyo da gudu, wasu suka zama malamai, wasu jami'an ceto a teku. Sau biyu aka yi masa tayin shugabancin makaranta a ƙetare, a babban yankin ƙasar, ya nemi afuwa. Bai taɓa ware raunana a gefen fili ba. Gurgu da mai ciwon ƙirji kowa yana da abin da aka ɗora masa daidai ƙarfinsa. Dattawan tsibirin sun tabbatar da cewa a tsawon aikinsa ruwa bai ci ko ɗaya daga cikin waɗanda suka bi ta hannunsa ba.

Ritaya da Tsufa

Ya yi ritaya a 1996. Shekara uku bayan haka aka rufe makarantar, saboda matasa sun ƙaura birane babu sauran yara. Malam bai bari filin ya yi ciyawa ba. Kowace safiya yakan tara tsofaffin da suka rage, mafi yawansu ɗalibansa na dā, yana miƙe musu gaɓoɓi. Wata tsohuwa ta taɓa ce masa, "Malam, jikokina fa sun yi aure, yaushe za a yaye mu?" Ya juya mata mataccen kunnen ya ce, "Ban ji ba. Ɗaga hannun." Yana da shekara tamanin da biyar ana ganinsa yana shiga teku, bai daina ba sai da 'ya'yansa suka haɗu suka roƙe shi.

Rasuwa da Jana'iza

Malam Pyo Gwang-deok ya rasu a gidansa a watan Disamba na shekarar 2024, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara casa'in da uku. An yi zaman makoki na kwana uku, jiragen fito suka yi ta sauke tsofaffin ɗalibansa daga biranen Mokpo da Busan da Seoul.

Ranar binnewa an kawo motar da za ta hau da gawar maƙabartar zuri'arsu a kan tsauni, amma ɗaliban suka sallami direban, suka ɗauki makarar a kafaɗa, alhali akasarinsu sun haura sittin. Matarsa, wadda ƙafa ba ta bar ta ta hau ba, ta tsaya a gindin tsaunin tana ce musu, "Ku bi a hankali, 'ya'yan nan, ba tsere ake yi ba!" Ɗaya daga cikinsu, furfura fal kansa, ya waiwayo yana haki ya ce, "Inna, da zai leƙo yanzu, cewa zai yi mun cika nawa." Sun kai shi har bakin kabari ba su sauke makarar a hanya ba.

Ya rasu ya bar matarsa, Seol Gwi-ja, da 'ya'ya huɗu: Hye-ok, ma'aikaciyar jinya mai ritaya, Jun-gil, matuƙin jirgin ruwa, Mi-ran, malamar makaranta a birnin Gwangju, da autansu Seok-ju, wanda yake zaune a gidan tare da mahaifiyarsu. Ya kuma bar jikoki tara da tattaɓa-kunne shida.