Usur ɗin da Isiyaku bai busa ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kawo mini ɗana a bayan a-kori-kura, an lulluɓe shi da buhun taki. Ni ban yi boko ba, maƙwabciyata ce take rubuta abin da nake faɗa, na kuma roƙe ta kada ta gyara mini magana ko da ta yi ɗaci. Ku masu karanta jarida kun san shi da Darakta, mai ƙungiyar Ba Labule, wanda yau ake rataye hotonsa a ɗakunan taro. Mu nan Gwallaga wani suna aka bar masa, kuma da sunan nan 'yarsa take kwana take tashi.

Sana'arsa zanen alluna ce, irin waɗanda ake kafawa a ƙofar shago. Da ya tsaya nan, da yanzu yana da furfura. To, wasan kwaikwayo ya shiga jininsa, kuma ba irin wanda kowa ya sani ba. Shi ba ya son dandamali, ba ya son kujeru. Cewa yake duk wanda ya san wasa yake kallo, ya ajiye zuciyarsa a gida kafin ya fito. Sai su haɗu a wata tsohuwar rumfar injin niƙa a bayan layinmu, su shirya abinsu, su fita cikin mutane ba sanarwa. Biyu su hau keke napep su kama faɗa kamar miji da mata, a kan ko za a kai mai naƙuda asibiti. Fasinja ya sa baki, mai keke ya tsaya ya yi fatawa, 'yan kallo su rabu gida biyu. In abin ya kai maƙura, sai ɗayansu ya busa usur, a ce wa jama'a wasa ne, yanzu ku gaya mana me kuka gani a kanku. Wasu su yi dariya, wasu su zage su, a watse.

Na sha gaya masa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Sai ya ce, "Inna, ai akwai usur." Dukan rayuwarsa ya rataye ta a wuyan wani, a jikin igiya.

Mai usur ɗin Isiyaku ne. Tare suka taso, kwano ɗaya nake zuba musu. Ana nan, ana nan, sai suka shirya wasa a kan yadda ake kashe mutum a kasuwa da zarar an ce ɓarawo. Ɗana ya ce shi zai zama ɓarawon, don ba zai sa yaron kowa ba. Isiyaku ya saka wayarsa da hannunsa a aljihun ɗana. Shi zai yi ihu, 'yan ƙungiya su riƙe wanda ake zargi, in mutane sun taru an fara ɗaga hannu, ya busa. Suka tafi wata kasuwa a gefen gari inda ba a san fuskarsu ba, don kada wani ya gane su ya ɓata wasan.

Isiyaku ya yi ihu, ihun kuma ya yi kyau. Mutane suka zo da sauri fiye da yadda aka shirya a rumfar niƙa. Ba hannu suka ɗaga ba, itacen rumfa ne da dutsen tare taya. Wata yarinya 'yar ƙungiyar, Talatu, ita ta zo ranar sadakar uku ta durƙusa a ɗakina ta gaya mini. Ta ce ɗana yana ƙasa, bai kare kansa da hannu ba, wuyansa kawai yake miƙawa yana neman Isiyaku cikin ƙafafu. Isiyaku kuwa usur na bakinsa. Ya dubi taron, ya cire shi, ya tura cikin riga, ya ja da baya har ya ɓace. Talatu ta yi ta ihu wasa ne, wata mai kayan miya ta kwaɗa mata mari ta ce ita ma 'yar hannu ce.

Wannan duk tsoro ne, kuma tsoro halitta ce, da na yafe. Abin da ya biyo baya shi ne ba halitta ba. Da hukuma ta fara tambaya, 'yan ƙungiya suka ga in an ce wasa ne, su suka jawo kisa. Sai kowa ya kama bakinsa. Talatu iyayenta suka tura ta wajen dangi a nesa. Isiyaku ya je ya karɓi wayarsa a matsayin wanda aka yi wa sata. Da wannan wayar ya kira ƙanena ya yi masa gaisuwa.

Shi ke nan, magana ta zauna. An tsinci wayar mutum a aljihunsa, mai waya ya karɓa, me ya rage? Na faɗi abin da Talatu ta gaya mini a gidan suna, na faɗa a gidan biki, har mata suka fara matsawa in na zauna. Cewa suke uwa ce, ai ko kura ɗanta bai taɓa yi mata wari ba. Matarsa ta yi wani aure ta bar mini 'yarsu Ummi tana 'yar ƙarama. A bakin famfo aka koya mata sunan ubanta.

Kwanci tashi ƙura ta lafa, wasa kuma ya yi kasuwa. Yau a Bauchi samari na wasa a gareji, a ƙarƙashin ɗorawa, a saman bene da ba a gama ba, suna ɗauka a waya suna watsawa. Isiyaku ya zama babba a cikinsu, ya yi tumbi, ana gayyatarsa garuruwa ya yi bayani a kan Darakta. Nakan zauna in ce da ɗana zai leƙo, me zai gani? Zai ga abin da ya ce kada a yi shi ake yi da sunansa: kujeru a jere, fitilu masu launi, mai karɓar tikiti a ƙofa. Wataƙila kuma ya ji daɗi, don ba zan yi masa ƙarya ba, yana son a yabe shi. Mutum ne mai kyakkyawar zuciya da ƙarancin hankali, irin wanda yake zaton in ya nuna wa mutane muninsu za su gode masa.

Bana wani tela daga Fadaman Mada ya fito neman Ummi. Yaro mai kunya, ita ma tana sonsa, na ga ta fara dariya da haƙora a waje. Baffansa, Alhaji Bello, ya zo bincike kamar yadda aka saba, kuma Gwallaga ba ta ɓoye masa komai ba. Dattijo ne mai adalci. Ya zo har zaure ya ce, "Hajiya, ba na kama mutum da jita-jita. A kawo mini mai wayar nan ya faɗa da bakinsa ba sata ba ce, magana ta ƙare."

Na yafa mayafi na je ofishin Isiyaku. Ya zube ƙasa yana Inna, Inna, ya aika a kawo lemo. Na ce ban zo shan lemo ba, kalma biyu nake so a gaban mutum ɗaya: kai ka sa wayar, kuma ba ka busa ba. Ya yi ta murza hula. Ya ce, "Inna, abin da ya fi haka ma za mu yi. Ranar Asabar muna wasan tunawa da shi. Ki kawo Alhajin ya gani da idonsa." Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Na amsa.

Bayan la'asar muka je, ni da Ummi da Alhaji Bello. Aka zaunar da mu a gaba. Suka yi kasuwa, suka yi taro, wani yaro mai kama da ɗana ya faɗi. Amma a nasu wasan, wani baƙo ne daga cikin taro ya yi ihun ɓarawo, ba a ga waya ba ko ɗaya. Wanda ya fito a Isiyaku kuwa ya yi ta busa usur har ya durƙushe, ya faɗa kan abokinsa yana kare shi da bayansa. Mata a bayana suna sharar hawaye.

Ɗan fari ne, tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, haka aka tarbiyyantar da mu. Ranar na miƙe na kira. Na ce, "Haruna bai mutu haka ba! Isiyaku, kai ka yi ihu, kai ka sa masa wayarka, usur na bakinka ka cire!" Muryata ta cika ɗakin, har ni na tsorata da ita.

Sai wani daga baya ya fara tafi, ɗaki ya ɗauka. Sun san salon Darakta, sun san akan ɓoye ɗan wasa cikin 'yan kallo. Wata mai gilashi ta juyo ta ce, "Kai, tsohuwar nan ta iya!" Na sake faɗa, suka ƙara tafi. Isiyaku ya fito gaban fitila, na ga gumi a goshinsa, na ga kuma lokacin da ya gane ya tsira. Ya ɗaga hannu ya ce, "Jama'a, a ƙara wa Inna!"

Alhaji Bello ya miƙe ya kaɗe rigarsa. A bakin ƙofa ya ce mini, a hankali, ba da faɗa ba, "Hajiya, ashe har da ke ake yi. Gidan da ba a gane kukansu daga wasansu, ba zan kai ɗana ba." Kafin sati ya zagayo an aiko karɓar kayan da suka kawo.

To, me ya rage na ɗana bayan shekara goma sha ɗaya? Allunan da ya zana rana ta cinye su. Rumfar niƙa an rushe an yi shaguna. Abin da ya ƙirƙira kuwa yana nan da ransa, ya yi ƙarfin da uwarsa za ta tsaya gaban mutane ta faɗi yadda aka kashe shi, a tafa mata. Samarin gareji, ina roƙonku, ku dubi wanda kuka ba usur kafin ku kwanta a ƙasa. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa wautarsa. Isiyaku kuwa ban yi masa baki ba, Allah ya ba shi tsawon rai da lafiyar kunne. Ummi ta koma ɗinkin hula a tsakar gida. Jiya wata ta leƙo neman aron turmi, na ji tana tambayar yara ko nan ne gidan 'yar ɓarawo, Ummi ta ce mata e, nan ne, shigo.