Ƙafafun Motar da Na Bayar a Kan Roba Biyu

Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin salla, amma a Kausani inda na tashi ba wanda zai ce ga ranar da aka kayar da ni a magana. Shekara da shekaru ina sayar da man gyaɗa da ƙuliƙuli a kasuwar Juma'a ta Wudil, dillalan shanu ma sai sun gyara tsayuwa kafin su taya kayana. Na faɗi wannan ne don a san wadda ta aikata abin da zan ba da labari ba wawuya ba ce. Da wawuya ce, da abin ya zo da sauƙi.

Yaron da abin ya shafa ɗana ne na fari, saboda haka ba za ku ji sunansa a bakina ba. Mu haka muka tarar: ɗan fari ba a kama sunansa, ba a zaman hira da shi, ba a nuna an damu da lamarinsa. Kakarsa ce ta raine shi. Ya yi karatu har ya zama malami a jami'ar garin nan Wudil, yana koyar da ilimin injuna, mutane suna ce masa Dakta. Da mahaifinsa ya rasu sai ya ɗauko ni ya kawo ni gidansa a Sabon Gari, ya ba ni ɗaki mai taga tana kallon rumfar da yake ajiye mota. Idan ina da magana sai in ce da matarsa, "Ki gaya wa mai gidan naki kaza," ko da yana tsaye a wurin. Shi ma ta bakinta yake amsawa. Haka muke zaune, lafiya lau.

Motarsa guda ɗaya ce, baƙa, ba sabuwa ba, amma idan ta yi gurnani kajin unguwa sai sun watse. Da ita yake zuwa aiki, da ita yake kai ni asibiti Kano duk wata saboda ciwon baya. Sai kuma wani abu da ya ɗora wa ransa: can kudu akwai fili da aka shimfiɗa wa kwalta don gudun mota kawai, ba ɗan acaba, ba akuya. Sau ɗaya a shekara masu irin wannan sha'awa suke taruwa, kowa ya zagaya ana duba masa lokaci. Ya je kallo sau biyu. A shekarar da nake magana ya yi niyyar shiga da tasa.

Wata uku cur yana zaɓen ƙafafun da zai sa mata. Abin da bakanikai suke kira shokozoba nake nufi, ƙarfen da ke tsakanin taya da jikin mota mai shanye gargada, da sifirin naɗe a jikinsa kamar maciji ya naɗe sanda. Kullum bayan la'asar shi da wani abokin aikinsa, mutumin Yola, suna ƙarƙashin rumfa da waya a hannu, ni kuma ina bakin taga ina tsince shinkafa, wai ba na ji.

"Ɗauki mai taurin nan kawai," in ji abokin. "Mota ba ta son laushi a kwana. Da zarar ta kwanta gefe ɗaya ka yi asarar lokaci."

"Mai taurin yadda ya zo haka zai zauna," in ji nawa. "Wancan kuwa yana da ɗan maɓalli a ka. Ka murɗa ya yi tauri, ka mayar ya yi laushi. Ga zobba a jikinsa, ka ɗaga mota ko ka sauke ta."

"Ya fi tsada, kuma a fili bai kai wancan ba."

"Na sani."

"To me za ka yi da laushi, Dakta? Katifar amarya za ka saya?"

Har sikeli suka aro, suka sa ɗaya ƙarƙashin kowace taya kamar masu awon gyaɗa, shi yana zaune a ciki, abokin yana karanta masa nauyi. Na ce a raina, karatu ya yi yawa ya fara taɓa yaron nan.

Kayan suka yi wata biyu a hanya kafin su iso, don daga ƙetare aka aiko su. Ranar da suka zo ya ɗauko ɗaya ya tsaya a ƙofar ɗakina, ya ce da matarsa, "Ki ce da Hajiya ta sa albarka." Na ce, "Allah ya sa alheri," idona yana kan faifai. Ko ɗaga kai ban yi ba. Ya ɗan jima a tsaye, sannan ya tafi.

Da aka ɗaura su sai mota ta zauna. Cikinta ya kusa taɓa ƙasa, tayoyi sun shige ciki kamar kunkuru ya ja wuya. Ni a sanina, motar da ta yi haka ta gaji ke nan. Na ga irinsu a tasha, waɗanda buhuna suka karya wa baya. Da watan asibiti ya zo na ce da matarsa ta gaya masa ni ba na shiga motar da sai na durƙusa mata. Na hau ta haya.

Ana haka matarsa ta haihu. Ranar suna mata suka zo daga Kausani mota guda, har da wata tsohuwar abokiyar kasuwata mai daddawa, wadda muka yi shekaru muna gwada baki. Muna zaune a tsakar gida sai ga shi ya shigo da buhunan shinkafa a bayan mota. A tudun ƙofar gida cikinta ya gogi siminti, ƙiii, kowa ya ji.

Mai daddawa ta riƙe haɓa. "Ke, motar Daktan naku ita ma ciwon gwiwa take irin namu? Ko albashin ne bai sauko har ƙafa ba?"

Mata suka kwashe da dariya, har da guɗa. Ni da ba a taɓa kayar da ni ba, ranar na rasa ta cewa. Ba zan kare ɗan fari a gaban jama'a ba, kuma ban san abin da zan kare shi da shi ba, tunda ban taɓa tambaya ba.

Bayan suna matarsa ta tafi gidansu a Ɗankaza wankan jego. Shi kuma makaranta ta tura shi wani gari na kwana goma, a motar makarantar. Ya bar makulli a ƙusa. Saura mako uku tafiyarsa kudu.

Na sayar da tunkiyata, na aika aka kira min bakaniken da yake gyara motocin ƙauye a tasha, dattijo ne, tun ina kasuwa na san shi. Ya sa jak, ya cire taya, ya leƙa. Sai ya fito yana goge hannu.

"Hajiya, wannan fa ba lalacewa ba ce. Da gangan aka sa su. Ni tunda nake ban taɓa riƙe irinsu ba. A bari mai ita ya dawo."

"Kai ka haife shi ko ni?"

"Ke ce, Hajiya, amma..."

"Kunya ce ta hana shi faɗa, ba shi da halin gyara. Ka sa mata irin na motar Kausani, masu tsayi, waɗanda za ta ɗauki buhu goma ba ta sunkuya ba."

Ya ce to. Kafin magariba mota ta miƙe tsaye kamar raƙumi. Waɗanda ya cire ya zuba su a buhu ya kawo har ƙofar ɗakina, ya ce, "Don Allah waɗannan a adana masa." Na ce na ji.

Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labari. Kwana uku buhun yana tare min hanya, duk sun yi ƙura da baƙin mai. Ran na huɗu sai ga mai gwangwan yana tura baro, robobi jere a kai, yana kiran a kawo tsohon ƙarfe. Mu mata mun saba, tukunyar da ta huje ko tsohon gatari, ka bayar a ba ka roba. Na ja buhun na kai masa. Ya ɗaga ya ji nauyi, ya miƙo min roba ɗaya. Na ce bai isa ba. Muka yi ta ja har ya ƙara min ta biyu, babba, shuɗiya. Na koma ciki ina jin daɗin na ci ciniki.

Ranar da ya dawo ina bakin taga. Ya shigo da jaka a kafaɗa, ya tsaya. Ya zagaya motar sau ɗaya. Ya tsuguna ya leƙa bayan taya, ya daɗe a tsugune, har na zaci jiri ne ya kama shi. Sannan ya zo ƙofar ɗakina. Babu matarsa da za ta ɗauki magana, sai ya yi da labule.

"Hajiya, an wuni lafiya? Na ga an yi aiki."

"An yi," na ce da bango. "Mutane sun daina dariya."

"An gode. Allah ya saka da alheri. Waɗanda aka cire fa?"

"Mai gwangwan."

Na ji ya ja numfashi, ya ce, "To." Ya tafi masallaci. Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi, don zagi na san yadda ake rama shi.

Ranar tafiya kudu ta zo ta wuce, mota tana rumfa. Abokinsa ya daina zuwa bayan la'asar. Ni ina ce wa kaina wasan yara ne, an raba shi da haɗari ma, ya gode Allah.

Da matarsa ta yi arba'in ta dawo, ta shigo gaishe ni da jaririya a kafaɗa. Ta ga robobin, ta kawar da kai. Na ce ta faɗi abin da ke bakinta.

"Hajiya, kin san me ya sa ya ƙi mai taurin da abokinsa ya nace masa?"

"Ina ruwana."

"Saboda bayanki. Ya ce idan ya sa mai tauri ba za ki iya zuwa Kano a ciki ba. Shi ya sa ya ƙara wata biyu yana tari ya sayi mai maɓalli. Ranar asibiti ya sassauta ya ɗaga miki ita, ranar fili ya ɗaure. Ranar da kika hau ta haya, tun da asuba ya ɗaga ta ya sassauta. Ba ki leƙa ba."

Na ce ta ba ni jaririyar in gani, don kada ta ga fuskata.

Washegari na yafa mayafi na nufi inda masu gwangwan suke tara ƙarfe a bayan gari. Ni da nake taƙama ba na roƙo, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kwatance da hannu. Suka ce babbar mota ta kwashe kayan wancan makon tuni, an kai narkawa. Wani ya tausaya min ya tona gefen tsibi, ya zaro sifirin guda ɗaya da ya gangara, ruwan ɗorawa ne a ƙarƙashin dattin. Ashe ma launi gare su. Na ƙunshe shi a mayafi kamar ɓarauniya.

Na same shi a rumfa, zaune a kan benci shi kaɗai. Shekarunsa arba'in da wani abu, ban taɓa zama kusa da shi da niyya ba. Na zauna. Ya zabura zai miƙe, na ce ya zauna. Na kwance mayafi na ajiye sifirin a tsakaninmu.

"Na yi maka ɓarna," na ce. Da shi na yi, ba da bango ba. "Bakanike ya faɗa min, na ƙi ji. Ka yafe min."

"Haba Hajiya, ai ba komai..."

"Kada ka ce min ba komai. Da komai."

Ya sunkuyar da kai yana juya sifirin a hannu. Can ya ce, "Da komai, Hajiya. Amma na yafe."

Yanzu ya sake fara tari, kuma ya sake fara zaɓe. Abokin ya dawo, ni kuma na bar bakin taga, kujera nake fitarwa in zauna a rumfar. Rannan da suka ɗauko tsohuwar gardamarsu na sa baki, na ce ya ɗauki mai taurin, ya fi araha, zai samu da wuri, ni zan riƙa hawa ta haya. Abokin ya tafa hannu ya ce Hajiya ta fi Dakta sanin mota. Shi kuwa ya yi murmushi ya ce mai maɓallin zai sake saya, ko da baɗi ba za ta yiwu ba sai baɗin waccan.

Motar tana nan tsaye a kan ƙafafun da na sa mata, da ita yake kai ni Kano. Watan jiya muka haɗu da mai daddawa a bakin gada, ta leƙo ta taga ta ce, "A'a, lallai motar Dakta ta warke, wa ya yi mata magani?" Amsa tana bakina, irin wadda za ta kwana tana juyi. Amma sai na ce da ita ni ce, kuma ba magani na yi ba, ɓarna na yi. Muka wuce. Robobin biyu suna bayan ɗaki, kaji suke shan ruwa a ciki.