Ɗan Hindu da Ruwan Magangara

A wani ƙauye kusa da Hawandawaki, tun ana saye da sayarwa da kuɗin wuri, Nasara bai ko leƙo ƙasar Tasawa ba, an yi wani mutum Sha'ibu wanda Allah bai yi masa gindin zama ba. Dako ne sana'arsa, da takarkari ɗaya da jakai biyu. Ya ɗauki geron wannan ya kai Tasawa, ya kwaso kanwar wancan ya nufi Mayahi. In ka shimfiɗa masa tabarma sai ya tsuguna a gefenta, in ka miƙa masa fura a tsaye zai shanye, yana sha yana kallon hanya. Matarsa ta ce tun da aka kawo ta gidan bai taɓa jiran tuwo ya huce ba.

Sunan nan Sha'ibu kowa na kiransa ban da mutum ɗaya, uwar da ta haife shi. Shi ne ɗan farin Zuhura, ita kuwa ta riƙe kunyar ɗan fari irin riƙon da ko a wancan zamani sai da mata suka ce ta cika. Ana yaye shi aka miƙa wa Hindu, yayar ubansa, ita ta raine shi, ya tashi kowa ya san Zuhura "ɗan Hindu" take ce masa. Shekara arba'in da 'yan kai ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa dubansa ido cikin ido ba. In ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, bango take amsa wa. In ya kawo mata goro daga Tasawa sai ta ce wa kazar da ke wucewa, "Wasu dai akwai ɓarnar dukiya." Ya san godiya ce. Amma in za a faɗi gaskiya abin yana ci masa rai, sai dai bai taɓa gaya wa kowa ba, don ina mutum zai kai ƙarar al'ada?

Tafiyar rabin yini daga ƙauyen akwai wani wuri da ake kira Magangara. Tafki ne a kan tudun marmara. Shekarar da damina ta yi albarka ƙwarai sai ya cika ya batse, ruwan ya bi ta leɓen dutse ya faɗa cikin kwazazzabo, tsayin mutum uku. A ƙasar da sai an jawo ruwa gaba ashirin da guga kafin a jiƙa maƙoshi, ganin ruwa yana zubowa daga sama da kansa, ba hadari ba gajimare, abin ba da labari ne har jikoki. Ya ɓalle shekarar da aka haifi Sha'ibu. Duk tsararrakin Zuhura suka ɗunguma kallo, ita tana ɗaki tana wankan jego. Ya sake ɓallewa sau ɗaya, shekarar da mahara suka tsare hanyoyi, ba mai fita. Daga nan shiru, har ƙafafun Zuhura suka yi nauyi, yanar ido ta fara rufe mata gani.

To, sai ga wata damina aka yi kwana uku ruwa bai ɗauke ba. Ranar da gari ya washe, makiyaya suka shigo da labari: Magangara ta ɓalle. Baba Jaji, tsohon falken da ciwon gwiwa ya zaunar, shi ya fi kowa sanin wurin. Ya ce, "Kwana huɗu takan yi, in ta daɗe biyar. Wanda bai tahi ba shi jira wata shekara arba'in."

Da yamma Sha'ibu ya shiga gaida uwarsa ya iske Goggo Hindu a wurin. Hindu, wadda bakinta bai san linzami ba, ta nuna shi da sanda. "Ga wanda ya hana ki gani nan, ya zo." Zuhura ta juya wa ƙofa baya, ta ce wa randa, "Haka Allah ya so. Wasu za su koma ba su gani ba." Sha'ibu ya miƙe tun bai gama gaisuwar ba.

Washegari ya bar gonarsa da ciyawa ya tafi duba hanya, rabi gudu rabi tafiya. Shi da ya saba bin ta da rani, duk inuwar da ya sani ta gawo ce, ga shi da damina gawo ya kaɗe ganye ya tsaya tsirara. Dole ya nemi wasu wuraren: wata tsamiya, wata aduwa, wani kurmin kalgo, ya auna tsakaninsu yadda tsoho ba zai daɗe a rana ba. Inda laka take ya nemi zagaye. Da ya isa Magangara ruwan na ruri, ƙasa na rawa, bai ko tsaya kallo ba, don ya lura daga sama ba a ganin komai sai an sauka cikin kwazazzabon. Ya zaro gatari ya sassare matakala a jikin gangaren, ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, ya ce shi ke nan, Goggo Hindu ta riƙe wa uwarsa hannu su gangara a hankali. A lissafinsa babu abin da ya rage.

Kwana na uku ya tafi wajen shiri, kuma a nan ne ya kusa haukata gidan. Ya kwance akumarin jakai ya sake cusa masa sabuwar ciyawa. Ya ɗaure tabarmi biyu da buzu a bayan takarkarin, ya kafa ɗan majingini da kara. Ya sa matarsa ta dama fura mai laushi, ya ɗanɗana ya ce a sake. Ya cika salka da ruwa, ya ari malfa uku. Yana cikin ɗinki sai ya jefar da allura ya fita ya dubi gabas, ko Allah zai kawo hadari ya ƙara wa tafkin ruwa. Sama fes, ko ɗigon gajimare babu. Abin da ya fi ɗaukar masa lokaci igiya ce. Wanda ke jan takarkari kusa da mahayi yake tafiya, shi kuwa ya san Zuhura ba za ta hau ba in yana gab da ita. Sai ya tufka igiya mai tsawon gaba biyar ya zura a hancin takarkarin.

Ya so a tashi da sassafe ranar ta huɗu. Ina! Baba Jaji, da ya ce shi ma sai ya je, ya tsaya neman carbinsa. Goggo Hindu ta hau jaki ta sauka ta ce zanen da ta ɗaura bai dace da kallo ba. Sha'ibu ya zagaye gidan ya fi sau goma, yana haɗiye magana. Sai da hantsi ya ɗaga suka kama hanya: shi can gaba da doguwar igiyarsa, Zuhura a kan takarkari, tsofaffin biyu a kan jakai.

Wanda bai taɓa ganin mai gaggawa yana bin takun takarkari ba, bai ga azaba ba. Ya yi taku uku igiya ta miƙe, ya tsaya, ya waiwaya.

"Goggo, tambaye ta ko ta gaji."

"Wai ko kin gaji?"

"Ce ma ɗanki shi diba gabanshi, kar shi kai mu rami."

A tsamiya suka sha fura. A aduwa Baba Jaji ya fara labarin wata tafiyarsa ta Abzin, wadda kowa ya ji sau ɗari, kuma ba a katse tsoho. Sha'ibu na tsaye, ƙafa ɗaya na hutar da ɗaya, yana kallon inuwa tana gajarta. A kurmin kalgo suka gamu da masu dawowa daga kallo. Wani ya ce, "Ku yi sauri, ta kusa ɗaukewa." Sha'ibu ya yunƙura zai ja igiya. Amma ya dubi bayan uwarsa a lanƙwashe, ya ƙi ƙara wa takarkarin sauri.

La'asar ta kawo jiki suka iso. Rurin shekaranjiya babu shi, sai wata 'yar ƙara can ƙasa. 'Yan kallo duk sun watse. Ya durƙusar da takarkarin ya ja baya, Zuhura ta zame ta sauka, ta tsaya tana karkata kunne.

"Goggo, ga matakala nan na sare. Ki kama mata hannu."

Hindu ta yunƙura daga inda aka sauke ta, ta koma ta zauna daɓas. Yinin da ta yi a kan jaki ya sandarar mata da ƙugu. Ta leƙa gangaren ta ce, "Kai, ɗan nan, ni ka ke so in sauka nan? Ni kaina sai an ɗauke ni. Ka manta na girme ta da shekara goma?"

Ya manta. Duk tsawon rayuwarsa Hindu ce gadar da ke tsakaninsa da uwarsa, har bai taɓa tunanin ita ma ta tsufa ba. Ya auna inuwa, ya auna laka, ya auna igiya, bai auna wannan ba. Baba Jaji ko tsayuwa sai da sanda. Ba wanda ya rage mai ƙafa sai shi, shi ɗin da ba a yarda a haɗa ido da shi ba, balle jiki.

Hindu ta ce, "Zuhura, bari yaron ga shi goya ki. Mi ya rage kuma? Mu duka ƙafarmu ɗaya na kabari."

Zuhura ta ja mayafi. "Na ji ƙararshi. Ya isa."

Ƙarya take, kowa ya sani. Sha'ibu ya sauka matakalar ya dubi ruwan ya hawo, ya sake sauka ya hawo. Kowane zuwa sai ya ga kamar ya ragu. Ya yi tunanin zura ta da igiya, ya ga hauka ne. Ya yi tunanin gudu rugar Fulani neman wata mace, ya ga kafin ya dawo rana ta faɗi. Haushi ya kama shi, na kansa, na Hindu, na wanda ya fara ƙirƙiro kunyar nan. Da dabara ta ƙare masa, sai ya yi abin da ba a taɓa ganin ya yi ba. Ya je gabanta ya juya baya ya tsuguna, ya tsaya cik.

Baba Jaji ya gyara murya ya ce shi salla za shi yi, ya juya gabas. Hindu ta ga wata ƙaya a tafin ƙafarta wadda dole a cire yanzun nan. Sha'ibu na nan tsugune, bai motsa ba. Can sai ya ji muryarta, ba da bango take ba, ba da randa ba.

"Bawan Allah, kai baƙo ne nan? Taimaki tsohuwa."

"Baƙo ne, Inna," in ji shi.

Ta kwanta a bayansa. Ya miƙe da shirin ɗaukar nauyi, sai ya ji kamar damin kara, har ya tsorata. Wannan ce ta yi wata tara da shi? Ya sauka matakalar ɗaya bayan ɗaya, mutumin da bai taɓa tafiya a hankali ba, hannayenta a wuyansa suna ƙanshin daddawa da hayaƙi.

A ƙasa kunya ta rufe shi. Abin da ya rage na Magangara bai fi ruwan indararo biyu ba, yana zubowa siriri a kan baƙin dutse. Don wannan ya wahalar da tsofaffi yini guda? Zuhura ta ware ido ta ce tana ganin wani abu fari-fari yana motsi. Ya shiga cikin ruwan har gwiwa da ita a baya. Ta miƙa hannu ba ta kai ba.

"Matsa kaɗan, Sha'ibu."

Ya yi tsaye kamar an kafa shi. Ya ji sunan nan a kasuwa, ya ji shi a bakin masu kaya suna zaginsa, bai taɓa sanin haka yake da daɗi ba.

"Kurma ne kai? Na ce matsa."

Ya matsa. Ruwan ya sauka a tafinta, ya bi hannunta, ya jiƙa mata kai, ya jiƙa shi. Ta yi dariya irin ta yarinya. "Ashe sanyi gare shi! Sun ce mani shina da ƙara, ba wadda ta ce mani shina da sanyi." Shi kuwa ya gode wa Allah da ruwan ke zuba a fuskarsa, don hawaye yake yi sosai.

Da ya hawo da ita ya sauke, ta gyara mayafi ta ce wa Hindu, "Ce ma ɗanki shi ɗaure kayan da kyau." Ba ta sake kiran sunan ba har ta rasu, bayan damina biyu.

Sha'ibu ya ci gaba da dakonsa, yana shan fura a tsaye har furfura ta cika masa kai. Abokan tafiyarsa dai sun san abu ɗaya. In hanya ta biyo da su kusa da Magangara, ko da tsakiyar rani ne, ba ɗigon ruwa sai busasshen dutse, yakan ɗaure dabbobinsa ya gangara. Suna ta kira rana na yi, shi yana can ƙasa a zaune.