Ranar da Kawu Ya Leƙa Madubin Bindiga

Mun tashi da asuba daga Magarya, ni da kawuna a kan babur, bindigarsa adaka, irin ta gargajiya, naɗe cikin tsohon bargo. Gasar maharba za mu, a wani ƙauye bayan Dungas. Kawu ya yi shekaru bai je ba, amma har yau in an yi zancen harbi a yankin, sunansa ake fara kira. Wannan sunan ya tafi karewa.

Hanyar yashi ce zalla, sau biyu muka sauka muka tura babur. A Dungas muka karya da ƙosai mai zafi, Kawu na ba ni labarin yadda gasar take a da: ƙwarya ake kafawa a kan sanda, a ja da baya taki arba'in, a watsa toka a ga inda iska ta nufa, sannan a harba a tsaye.

Da muka isa, wallahi baki na saki! Babu ƙwarya, babu toka. Faifan ƙarfe aka rataye can ƙarshen gonar hatsi. Matasa sun kwanta rub da ciki a kan tabarmi da bindigogi masu madubin hange, wani ma salula yake tambaya ƙarfin iska. Su harba, sai ka ji ƙarfe ya amsa.

Aka shimfiɗa wa Kawu tabarma, ya ture ta da ƙafa. "Maharbi ba ya harbi a kwance," in ji shi. Ya ɗura albarushi, ya harba. Hayaƙi ya tashi, ƙarfe shiru. Abin da ya kaɗa ni, ba ma wajen faifan ya saita ba, wata kuka ya nufa. Babu wanda ya yi dariya.

Wani matashi ya durƙusa ya miƙa masa tasa bindigar: "Baba, ko leƙawa ka yi." Kawu ya kafa ido a madubin, ya daɗe bai ɗago ba, kuma bai harba ba.

Sai a hanyar komawa ya yi magana a bayana: "Ɗana, shekara uku ke nan ban ga abu tar haka ba. Ko fuskarka, da murya nake gane ka."

A can na yi ta jin haushin yadda zamani ya canza gasa, na dawo ina jin kunyar kaina, kullum muna ci a kwano ɗaya amma ban lura ba. Washegari na sake ɗaukarsa a babur, zuwa wurin likitan ido.