Murfin Soket Goma Sha Biyu

Ɗan kawuna, wanda muke kira Ma'auni, mutum ne da ko ruwa zai sha sai ya duba inda ya tsaya a kofi. Shekara goma sha huɗu yana aiki a kamfanin roba, inda ake buga murfin soket na lantarki. Aikinsa shi ne zuba wata farar hoda cikin ƙwayar roba kafin a narka, don in wuta ta taɓa murfin ta mutu da kanta. Kowane zubi sai ya ɗauki murfi guda ya kara masa ashana. Gashin hannunsa ya ƙone tun kafin in yi gemu.

Shi ya samo mini aikin dako a wurin, ni kuma na saka masa da tsokana.

"Ma'auni, yau ka sa wa robar gishiri?"

"Ɗauki buhunka, malalaci."

Akwai hodar alli da ake ƙarawa don auki, fara fat kamar tasa. Wata safiya na juye ta a bokitinsa. Nufina ya ƙyasta ashana, murfi ya kama, ya yi tsalle ya fasa rufi, mu sha dariya. Ana fara zubi aka kira shi, matarsa na naƙuda. Wanda ya karɓe shi bai gwada komai ba. Na buɗe baki zan faɗa, na ga manaja tsaye, na haɗiye. Da hannuna na loda kayan a mota.

Da ya dawo bayan kwana uku, ya gwada murfin da aka ajiye daga zubin. Murfin ya kama da wuta bal-bal, yana ɗiga. Ma'auni ya ce laifinsa ne, tunda bokitinsa ne. Aka mayar da shi shara.

Shago-shago ya bi ya kwaso murfi ɗari uku da tamanin da takwas. Goma sha biyu an sayar, suna bangon gidajen mutane. Duk ranar hutu yana ƙwanƙwasa ƙofofi yana roƙon a bar shi ya duba soket, har ya samo biyar. Ni ke riƙe masa jaka, yana ta sa mini albarka.

Jiya a bakin wata ƙofa na kasa daurewa.

"Yaya, ni na canza hodar."

Ban taɓa kiransa Yaya ba. Ya dube ni, sannan ya miƙo mini sukundireba.

"Saura bakwai. Kai za ka yi sallama."